Halittar da Usman bai raɗa wa suna ba

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Usman makwancinsa a nan Gadarif ta ƙasar Sudan. Ni Haruna mai gyaran tayar lori, karatuna aji uku ne, na ukun ma rabinsa a kan katangar makaranta na yi shi. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri.

Mu jikokin mahajjata ne da suka nufi teku, dawa da riɗi suka tsayar da su a hanya. Usman ne ya ƙarasa, ya kama aikin bincike a Bur Sudan. Can ya tsinto wata ƙwayar halitta a taɓon Bahar Maliya, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ba ta cin komai sai 'yan uwanta ƙwayoyi, ta liƙe musu ta tsotse. Na ce masa, "Dakta, ai irin wannan sun cika kasuwa, me ya kai ka teku?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, su an san danginsu. Wannan ba ta cikin littafin kowa."

Shekara shida yana neman danginta, yana gwada ta da wannan da waccan, har ya tabbatar sabuwa ce. Ya gaya mini ƙa'idar masana: ba a yarda da suna sai an ajiye halittar da ranta a ma'ajiya biyu, a ƙasashe biyu. Sunan innarmu ya so sa mata. Ya taso da 'yan kwalabensa cikin ƙanƙara zai kai Khartum, zazzaɓi ya kama shi tun daga garin Shuwak, dole ya sauka a gidanmu. Ya jera su a tallaja, wato firjinmu, ya ce kada wanda ya taɓa. Kwana huɗu ya yi a kwance, ya cika.

Kun san zaman makokinmu. An kafa rumfa, mutane har daga garuruwan Doka da Mafaza, rana kamar ta fasa kai, kuma abin kunya ne a miƙa wa mai ta'aziyya ruwan ɗumi. Na buɗe tallaja na ga kwalabe sun tare wuri. Na san abin da ya faɗa. Amma na ce a raina, halittar da ta saba da teku, yini ɗaya a bayan randa ba zai kashe ta ba. Na kwashe su, na zuba ruwa. An yabi ruwan sosai. Sai ranar bakwai na tuna da su, da abokin aikinsa ya zo. Ya ɗaga kwalba ɗaya, ya duba, ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. Ashe na ɗakin bincikensu sun lalace tun kafin ya taso, waɗannan ne suka rage. Na ce masa wuta aka ɗauke. A garin nan wa zai musa?

Yanzu gari ya cika da waɗanda suka gudo daga yaƙi, likitoci na kwana a azuzuwan makaranta. Nakan ce da Usman yana nan, me zai ce? Ina jin ba zai yi wa'azi ba. Zai tambayi wa ke kula da firjin sauran masu bincike, ya sha shayinsa ba sukari.

Abin da ya rage nasa littafin rubutu biyu ne, da hoton wani ɗigo mai wutsiya, da 'yarsa Salma, wadda ta bi sawunsa a karatu. Halittar tana can cikin taɓo tana cin abincinta, wataƙila wani ya sake tsinto ta ya sa mata sunan uwarsa. Inna ta rasu ba ta san an so yi mata takwara ba.

Salma takan ce, "Baffa, da ba a ɗauke wuta ba ranar..." Ni kuma in gyaɗa kai, in zagi masu wuta. Shekara goma sha ɗaya ina zaginsu. Baki ya kasa, shi ya sa na rubuta, don na san kina karanta jaridar nan.

Salma, ba a ɗauke wuta ba a wancan makon ko sau ɗaya. Ni ne. Allah Ya jiƙan Usman, ke kuma ina zaune a ƙofar gida ina jiranki.