Kujerar Bakanike

Kujera biyu gare ta, ta direba da ta gefensa, shi ke nan. Maigidana ya sayi motar a hannun wani Bature da ya gama aikin noman rani zai koma ƙasarsu. Muna zaune a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, lokacin tana ƙarƙashin jihar Sakkwato. Motar ja ce, rufinta na tamfol, cikinta kamar zai shafi ƙasa, irin wadda aka ce da ita ake tsere a Turai. Tun a hannun Baturen ta tsufa. Ranar da aka kawo ta unguwa ta cika da 'yan kallo, ni ma na leƙa ta zaure, kuma ta yi mini kyau. Kyan ɗan maciji ne, ban sani ba.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ban da maigidana. Sati bai zagayo ba ta fara ɗigar da baƙin mai a ƙofar gida. Da rana ta take sai lagireto ya tafasa, don ba a ƙera ta domin zafinmu ba. Kafireto biyu gare ta, kuma ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, a daidaita wannan wancan ya ƙi. Salansa kuwa duk tudun da ta hau sai ya bar wani abu a can. Kayan gyaranta babu a Birnin Kebbi, babu a Sakkwato, sai an yi sautu Legas, a jira wata da watanni, a kawo wanda ba nata ba. Idan na yi magana sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Albashinsa na ofishin gona ya daina isa tsakiyar wata. Aka jinginar da fadamar shinkafar da ya gada a Augie don a sauke inji. Keken ɗinkina ya ce in ba shi aro, ya tafi a kan kuloci, har yau ana dawo da shi. Duk wannan na haɗiye, dukiya ce, tana zuwa tana tafiya. Abin da ya tsaya mini a wuya kujerar nan ce ta biyu.

Mutum ɗaya ne a garin ya san kan motar, wani bakanike Kirista mutumin wajen Jos, mai haƙuri, wanda tun farko ya ba maigidana shawara ya rabu da ita. Da yake ba ta da tabbas, in dai tafiyar ta wuce bakin gari, sai an ɗauke shi da jakar sifanoninsa. Kujerar ta zama tasa. Idan za mu Argungu, garinmu, su biyu su shige jar mota, ni a kai ni tasha in matsu cikin bas da buhunan albasa. Sau da yawa ma ina riga su isa. Ban taɓa jin haushin bawan Allahn nan ba, amma na ji kunya, kunya mai ciwo, matar mai mota tana sauka a tasha.

Inna, mahaifiyata, ta tsufa, ni kaɗai ce 'yarta mace. Labarin motar ya riga ya cika unguwarsu, maƙwabta suna yi mata barka da surukin da ya yi abin da ba wanda ya yi. Duk zuwan da na yi sai ta dubi ƙurar ƙafata ta yi dariya.

"Ke ɗiyag ga, yaushe za a kawo man ke cikin jar motag ga? In gan ki ciki da idona kahin in tahi."

Nakan ce tana gareji, in ta fito. Ta kuma sha gaya wa 'yan'uwanta cewa in ranarta ta zo, ni zan yi mata wanka, kada a bari wata ta taɓa ta.

Wata Lahadi da hantsi wani direban garinmu ya yi sallama, ya ce jikin Inna ya yi tsanani, tana kirana. Na ɗauki mayafi zan nufi tasha. Maigidana ya tare ƙofa. Bakanike yana coci, motar kuma jiya-jiya ta fito daga gyara.

"Mi mutane za su ce? Ga mota ƙohwar gida, matata ta tahi tasha? Shiga, yanzu mu isa."

Na shiga. Ranar na fara zama a kujerar nan, ƙafafuna a kan jarkar ruwa, ƙarfen ƙasan yana ƙona mini tafin sawu. Har na yi tunanin ko ba komai yau Inna za ta ga abin da take so.

Ba mu yi rabin hanya ba tururi ya taso daga gaba. Fambel ya tsinke. Maigidana ya cire babbar riga, ya ɗaure da igiya, ta tashi, ta ɗan taɓa, ta sake mutuwa. Wata bas ta tsaya, akwai wurin mutum ɗaya. Na ce zan bi ta, ya ce in yi haƙuri, saura kaɗan. Ta biyu ta tsaya, ya ɗaga mata hannu ta wuce. Ina tsaye a gefen titi ina kallon inuwata tana gajercewa, shi kansa yana cikin inji yana lallashinta da muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba. Da wata babbar motar shinkafa ta zo, ban tambaye shi ba, na tare ta na hau.

A bakin unguwarmu na ci karo da maza suna dawowa, makara ba kowa a kanta. Wata maƙwabciya ce ta yi mata wankan. Ƙanwar Inna ta riƙe hannuna a tsakar gida, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

"Tun da sahe duk motad da ta ji ta wuce, sai ta ce a leƙa, ko jar motag ga ta."

Bayan la'asar muna zaune cikin mata sai muka ji ihun yara a waje. An jawo ta da igiya a bayan wata akori-kura, maigidana a ciki yana riƙe da sitiyari. Aka tsayar da ita daidai ƙofar gidan Inna, inda ta so ta gan ta. Masu zaman makoki suka riƙa tashi daga tabarma ɗaya-ɗaya suna zagaya ta, har ina jin wani yana tambayar gudun da take yi.

Maigidana ya riƙe ta shekaru bayan haka. Sau da yawa ya buɗe mini ƙofar ya ce yanzu ta gyaru. Nakan ce ya jira bakanike, kujerarsa ce.