Kafinta Ya Auna Ni

Jiya Bitrus kafinta ya zo yi wa ɓerayen Masar ɗina biyu keji a tsakar gida. Tun rasuwar matata su ne abokan hirata, amma gwiwa ta hana ni sunkuyawa in ba su ciyawa. Har na fara tunanin bayar da su.

Sai ya zaunar da ni a kujerata ƙarƙashin darbejiya, ya shiga auna ni da tef.

Na ce, "Bitrus, akwatin gawa za ka yi mini?"

"Haba Baba! Ƙofar kejin nake so ta zo daidai hannunka."

Yau daga zaune na ba su latas. Ba inda za su je.

Ashe ana lura da mu tsofaffi. Ku wa ya taɓa lura da ku haka?