Ƙarar Bayan Motar Yaya

Da Yayana ya rasu, motarsa ce ta faɗo a rabona. Tsohuwar mota ce ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta dab da ƙasa. Duk wanda ya san hanyar ƙauyenmu ta wajen Zoza ya san sayen irin wannan mota wauta ce, kuma an gaya wa Yaya haka tun yana raye. Shi dai dariya yake yi, ya ɗora buhun gyaɗa a kujerar mai zaman banza, ya kama hanya.

Motar tana da wata ƙara a baya, ɓangaren hagu. A kan kwalta shiru take, amma da an sauka burji sai ta fara: ƙwas, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga muciya a bakin tukunya. Shekaru Yaya yana yawo da ita a haka. In an yi magana sai ya ce gaisuwa take yi.

Ni malamin firamare ne a Karaye, duk Juma'a nake zuwa gida gaida Inna. Idanunta sun yi rauni sosai, amma kafin in kashe mota na same ta a bakin zaure, ta dafa bango. Ban taɓa tambayar kaina yadda ake yi ba.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ya tayar da maganar. Na rage masa hanya wata rana daga Beli, ya sauka yana salati.

“Kai, wannan ƙafar bayan cirewa za ta yi,” in ji shi. “Ɗaya muka binne, ba za mu binne biyu ba. Ko ka kashe ƙarar nan kafin a gama cire gyaɗa, ko a sayar da motar.”

“Baffa, ita kaɗai ta rage mini ta Yaya.”

“Na faɗa maka.”

Inna tana bakin zaure tana jinmu. Baffa kuwa in ya yanke magana ta yanku.

Na fara da bakanikenmu na Karaye. Ya danna bayan motar da hannu biyu, ya saki, ya ce shokozoba ce. Aka canza. Muka zaga kan kwalta, shiru, har da yi mini kirari. Ranar Juma'a ina sauka burji, ƙwas! Na koma, ya ce to bushi ne, robobin da ke tsakanin ƙarafan ƙafa. Aka canza su duka. Wani a Kurugu ya rantse salansa ce ke taɓa jiki, ya ɗaure ta da waya. Wani ya ce in kwashe kayan but, na kwashe har tabarmar sallar Yaya. Kowa sai ya ɗaga motar a jak, ya leƙa, ya girgiza taya, ya ce lafiya lau. Ni ma na kwanta a ƙarƙashinta ya fi a ƙirga, ina kallon ƙarafan da ban san sunansu ba. Wallahi akwai ranar da na tsaya a tsakiyar gonaki na daki taya da ƙafa, na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Ga mutane can sun fara cire gyaɗa.

Wani direba ne ya tura ni wurin wani dattijon bakanike a Rogo. Na gaishe shi, na zayyana masa duk abin da aka canza. Bai ko dubi jak ba.

“A ina take yi?”

“A burji, Baba.”

“To me ya kai su neman ta a kwalta? Mu je.”

Muna sauka burji ya ce in tsaya. Ya tuɓe hula, ya buɗe but, ya naɗe ƙafafu ya shige, mutum mai furfura! Na ce, “Haba Baba, ka rufa mini asiri.” Ya ce in ja a hankali, in bi duk ramin da na gani. Ba mu yi nisa ba ya buga jikin motar da tafi. Ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce mai motar nan ya taɓa ɗaga ta.

Ashe saboda cikin motar yana gogar ƙasa a hanyarmu, Yaya ya sa mai walda ya ƙara guntun ƙarfe a mazaunin sifirin na baya, hagu da dama, don ta tashi. Waldar ta hagu ta saki tuni. In an ɗaga mota a jak ƙarfen zama yake daram, sai taya ta faɗa rami yake tsalle ya bugi jiki. Dattijon ya sake walda, ya yanko roba daga tsohuwar tayar tirela ya shimfiɗa a kai. Kafin la'asar an gama.

Na bi ta gidan Baffa, na zaga da shi hanyar da ta fi muni. Ya kasa kunne, bai ji komai ba, ya ce to, a bar mini motar. Na ƙarasa gida raina fes.

Babu kowa a bakin zaure. Na shiga, na sami Inna a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Sai da na yi sallama ta zabura.

“Da me ka zo?”

“Da motar, Inna. An gyara. Baffa ya ce ba za a sayar ba.”

Ta tsayar da hannunta cikin ƙwarya.

“Tun daga kwanar tsamiya nake jin ta,” ta ce. “Na san kai ne. Amma daga can zuwa zaure, sai in bar raina ya ce shi ne.”

Ta ce Allah ya yi albarka, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Asabar da safe na koma Rogo, na ce wa dattijon ko zai iya mayar da ƙarar. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shi gyara ya koya, kuma ko ya fasa waldar ba za ta yi irin waccan ba.

Motar tana nan. Yanzu in na iso kwanar tsamiya sai in danna hon sau biyu. Inna takan fito, amma ba da sauri ba.