Shaida Uku a Injin Surukina

Duk injin da na taɓa kwancewa a garejina na Tasawa, babu wanda ya kaɗa mini hanji kamar na surukina. Tsohuwar motar kaya ce, da ita yake jigilar gero da wake daga Koona zuwa kasuwanni, ita ce cin gidansa kaf. Da ta fara hayaƙi, matata ya aiko ta gaya mini, don tun da na auri 'yarsa, ban da gaisuwa a durƙushe babu maganar da ke haɗa mu. Haka muka taso muka tarar.

Na sauke inji, na sake abin da ya ci, na wanke sauran da isansi, wato fetur. Sai aka zo kalaj, wato daidaita juyin saman inji da na ƙasa. Akwai shaidar da ake bi a jikin pinyo, faifan nan mai haƙora. Ina goge baƙin mai, sai ga shaida har uku. Ta asali ta shafe tuni, kowane makaniken da motar ta bi ta hannunsa ya sassara tasa ya tafi. Allah ya isa tsakanina da su.

A irin wannan inji, in ka kuskure, fiston ya daki supap, wato bawul ɗin inji, to an gama. Na gwada ta farko, na juya da hannu, ta cije, na fid da ita. Sauran biyun duk suna juyawa, amma juyin hannu daban, na wuta daban. Wallahi tsoro ya kama ni, gumi har cikin ido.

Surukina kuwa yana nan gareji, gindin bishiyar bedi kan tabarma, ya ba ni gefe, yana cin goro. Na san ya san ta gaskiyar, a gabansa aka sha yin aikin. Amma da wane baki zan tambaya? In kuma na fasa injin, da wane ido zan sake shiga gidansa?

Aka kira azahar. Na zagaya baya alwala. Da na dawo daga masallaci, sai na ga jan goro an dangwala kan shaida ɗaya. Na tsaya ina kallo. Da gangan ne, ko tofi ne iska ta kawo? Babu wanda zan tambaya.

Na saita a kanta, na ɗaure, na mayar da inji. Kafin in murɗa makulli na karanta duk abin da na haddace. Ya yi tari sau ɗaya, sannan ya kama, lafiya lau.

Surukina ya naɗe tabarmarsa ya shiga mota. Na durƙusa na ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya."

Ya ce amin. Da ya ɗora hannu kan sitiyari, na ga baƙin mai a babban yatsansa. Na sunkuyar da kai, shi ma ya kau da nasa.