Rabin Daɓen Motar Baba

Ranar kasuwar Gidigir ce, da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Ina zaune a gaban motar Baba, tsakaninsa da Inna, baya kuma cike da buhunan gero da awaki biyu na maƙwabta. Inna ta ajiye ƙwaryar man shanu kusa da ƙafarta, kan tsohuwar tabarmar da tun da na yi wayo nake ganinta shimfiɗe a wurin. Mun gangaro wani tudun yashi ke nan motar ta faɗa rami ta tashi, sai na ji wani ƙara kamar an taka busasshen kara. Tabarmar ta nutse, ƙwaryar ta bi ta, ƙafar Inna ta dama ta shige har gwiwa. Baba ya taka birki. Da ya jawo ta, zanenta ya yage, ƙaurinta yana jini, ta ramin kuma ina hango yashi da ɗigon man shanu. Baba ya ɗaure mata ƙafar da rawaninsa, sannan ya durƙusa ya danna ƙarfen da babban yatsa. Ƙarfen ya marmashe a hannunsa kamar ƙanzo. Inna ta ƙarasa tafiyar a baya tare da awaki, ni kuwa na naɗe ƙafafuna a kan kujera har muka isa.

Motar bashe ce, irin mai rumfar tamfol a baya, shuɗiya wadda rana ta koɗar. Ta kakana ce, shi ya bar wa Baba. Shekara da shekaru tana ɗauko kanwa da dabino daga kwaruruwan da ke kewaye da Gure tana kai wa kasuwanni, wani lokaci har Damagaram. Kanwar ce ta cinye ta. Tana zuwa da danshinta, ta maƙale a takalma da gindin buhu, ta kwanta ƙarƙashin tabarma tana cin ƙarfe a hankali kamar yadda gara ke cin azara. Abokan Baba na tasha duk sun canza motoci, suna ce masa ya rabu da wannan gyatuma. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Injinta lafiya lau, ƙasan ne ya gaji." Bayan raunin Inna sai ya rantse ba mai sake shiga motar sai ya yi mata sabon daɓe.

An ɗage dangar gidanmu aka turo ta ciki, aka cire tayoyin, aka ɗora ta kan kututturan goriba kusa da rumbu. Aka fitar da kujerar gaba aka ajiye ƙarƙashin bishiyar bedi. Mu yara sai abin ya zame mana biki. Kafin mu tafi famfo ɗebo ruwa sai mun hau kujerar mun je Makka mun dawo, ƙanena Sanusi yana tuƙi da murfin tukunya. Da yamma in na gama surfe, ni da ƙawayena mukan baje duwatsun carafke a inuwar motar, kaji suna tone-tone a ƙarƙashinta.

Mai waldar da Baba ya kira shi ne Kyari, wani dogon Babarbare wanda a da ya yi wa Baba yaron mota kafin ya koyi sana'ar wuta. Ya zo da tulunan gas ɗinsa biyu a kan amalanken jaki. Na ɗauka yana zuwa zai hau yanka, amma yini guda suka yi ba su taɓa daɓen ba. Sai da suka rufe ƙofofin suka daidaita su, sannan Kyari ya liƙa dogayen ƙarafa a cikin motar, ɗaya a bakin kowace ƙofa, biyu kuma a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Na tambayi Baba amfanin wannan. Ya ce, "Abu, mota kamar rumfa ce. In za ka zare dirka, ka fara tokare ta, in ba haka ba ta zauna maka a ka." Sai washegari suka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen, suka bi gefe-gefe da guduma da kurfi har suka kai ga mai lafiya. Da suka gama, mutum yana iya tsayawa a tsakiyar motar ƙafarsa a kan yashin tsakar gida. Baba ya je Damagaram ya dawo da fallen ƙarfe biyu masu kauri, ya jingine su bayan rumbu. Ya ƙi yarda a buɗe tano, wato duro na ƙarfe, a shimfiɗa kamar yadda wasu ke yi, ya ce wanda ya ɗauki man fetur ba zai ɗauki mutane ba.

Ba a kai ga ɗora ko ɗaya ba Baba ya faɗi. Da hantsi ne, yana alwala don walha, buta ta suɓuce masa ya kife a gefen randa. Aka kai shi likita a Gure, daga nan aka wuce da shi Damagaram. Da aka dawo da shi, ɓarinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, magana kuma ta zama wani gurnani mai nauyi da ba a rarrabe farkonsa da ƙarshensa. Inna ta shiga tuyar ƙosai da safe, da rana daka, da yamma wankin kayansa, ba ta da zaman da za ta saurare shi. Ni aka ɗora wa zama kusa da shi in na dawo lakwal, in ba shi kunu da cokali, in kore masa ƙuda. A haka kunnena ya saba. Na gane cewa in ya ce "uwa" ruwa yake so, in ya ja numfashi ya ce "ana" rana ce ta iso shi a matsar da shi. Kafin sanyi ya wuce na zama bakinsa a gidan, har manya in sun zo dubiya ni suke kallo in ya yi magana. Doguwar magana ta farko da na fahimta daga bakinsa ita ce a kira masa Kyari.

Da na faɗa wa Inna, sai ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Je ki ce masa ya bar zancen motar nan, ya ji da jikinsa." Na je na faɗa, ko da yake kunnensa garau yake, ya riga ya ji. Ya ce in ce mata ɓangaren da take zama kawai za a fara. Ta ce in ce masa ita ba inda za ta. Haka na yi ta kai da kawowa tsakanin madafa da gindin bedi, ina ɗauke da maganganun da suka fi ƙarfin kaina, kowannensu yana kallona kamar ni na ƙirƙira. Ba na iya ba kowa gaskiya, ba na kuma iya yin shiru. Daga ƙarshe Inna ta aiki Sanusi ya kira Kyari.

Kyari yakan zo ran Juma'a bayan an sauko masallaci, saboda zumunci. Mukan jingine Baba a kujerar ƙarfe da matasai, ni a tsugune kusa da bakinsa. Da kwali aka fara: Kyari ya shimfiɗa shi a ramin, ya bi gefen da gawayi, ya yanka, ya ɗora a kan fallen ƙarfen ya fitar da siffar. Baba ya sa aka fafe kwari a jikin wani kututture, aka ɗora fallen a kai ana dukansa da guduma har ya yi layi-layi kamar kunyar gona, don kada ya riƙa lotsawa in an taka. Wurin liƙi ne aka fi jin jiki. Baba ba ya son a ja wuta a miƙe, ya ce zafi zai murɗe ƙarfen. Sai in ce, "Kawu Kyari, ya ce ka ɗiga nan, ka tsallaka can, ka bar wannan ya huce." Kyari ya ce, "To, Maigida," yana kallon Baba, ba ni ba.

Amma akwai kalmomin da ban sani ba ko da bakinsa yana lafiya, sunayen sassan mota na Faransanci da shi da Kyari kaɗai suka sani. In ya zo kan irinsu sai in tsaya. Ya maimaita, in kasa. Ya sake maimaitawa har yawu ya zubo masa a gemu, jijiyar wuyansa ta tashi, yana dukan hannun kujera da hagunsa. Kyari na tsaye da wuta a kunne tana huci, yana kawo sunaye ɗaya bayan ɗaya, Baba yana girgiza kai. Wata rana haka muka yi har Kyari ya kashe wutar ya zauna a ƙasa, Baba ya juya fuskarsa ga danga hawaye na bin gefen da ya mutu. Na goge masa da bakin zanena. Sai mako na gaba Kyari ya gano da kansa cewa ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashi yake nufi, wanda kujera ke zama a kai, yana so a ƙara masa wani a bayansa.

An gama ɓangaren fasinja ana gab da shuka. Kyari ya shafe shi da jan fenti sama da ƙasa, ya huda ƙaramar kafa a kusurwa don ruwa ya riƙa fita, sannan ya hau ya yi tsalle a kai da dukan nauyinsa. Ko motsi bai yi ba. Baba ya ce a maido da kujera a ɗauke shi a sa ciki. Kyari da wani maƙwabcinmu suka ciccibe shi, suka zura shi ta ƙarƙashin ƙarfen tokarar da ƙyar. Ya zauna ƙafafunsa a kan sabon daɓe, ya daɗe yana kallon sitiyari da ramin da ke ƙarƙashinsa. Can ya ce in kira Inna. Ta zo hannunta da ƙullun wake. Na ce, "Ya ce ki taka." Ta cire takalmi ta ɗora ƙafarta kusa da tasa, ta danna. Ta ce, "Ya yi ƙwari, Malam." Daga nan ta juya ta shige bayan madafa, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar.

Ɓangaren direba bai samu ba. Aiki ya ja baya a wurin Kyari, don masu waldar lantarki sun buɗe rumfuna a bakin titi, sai ya sayar da tulunansa ya bi samarin da ke tafiya Libiya. Ya zo sallama, ya durƙusa gaban Baba ya daɗe, ya ce da ni ko me za a yi kada a cire ƙarafan tokarar nan sai an gama ɗaya gefen. Masu lantarkin kuwa sai dai a kai musu mota, unguwarmu ba wuta, motar kuma ba ta tasuwa. Damina ta sauka. Falle na biyu ya fara ja a bayan rumbu, Baba ya ce in riƙa shafa masa baƙin mai da tsumma. Shi ne iyakar abin da na iya, na kuwa yi ta yi har ƙamshin ya kama hannuna, ƙawayena suna tsokanata a lakwal. Duk ran Juma'a in an sauko masallaci sai ya ce, "Kyari?" In ce, "Bai dawo ba, Baba."

Da bazarar da ta biyo Baba ya rasu. Bayan Inna ta fita takaba, Baffa Hamidu, ƙanen Baba, ya kawo masu sayen tsohon ƙarfe don a raba gado. Ba mugunta ya yi ba, gidan yana bukatar hatsi. Da suka zo lodi, ƙarafan tokarar suka fara yankewa. Na matsa na ce musu an ce kada a cire, ɗayansu ya yi murmushi ya ce in ja baya kada tartsatsi ya same ni. Suna zare na ƙarshe motar ta yi wani nishi ta durƙushe a tsakiya, ƙofar direba ta saki ta rataye. Sabon daɓen suka yanke daban suka ajiye gefe, don shi kaɗai ne ƙarfen kirki a jikinta. Babbansu ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aiki." Bai san cewa mu uku muka yi ba.

Yau ina koyarwa a Damagaram, Gure sai da hutu. Inda motar ta tsaya Sanusi ya gina ɗaki, unguwar ta samu wuta, akwai mai walda a bakin ƙofarmu ma. Kyari bai dawo ba, ba mu kuma ji labarinsa ba. Kwanan baya ɗana ya nuna mini a wayarsa wasu mutane a wata ƙasa suna gyaran mota irin tamu sak. Daɓen nasu a kwali ya zo, an riga an buga shi daga masana'anta da layukansa da kafofinsa, hagu da dama, suka ɗora ya zauna daram. Kafin shayina ya huce sun gama. Yaron ya ce, "Mama, me ya sa ba ku sayi irin wannan ba?" Na karɓi wayar na sake kallo tun daga farko. Wani sauƙin yakan zo, amma sai mai jiransa ya riga ya tashi.