Masarar Uba Mai Kurmi

Tsakanin Hanwa da Samaru akwai wani rafi da ba ya ƙafewa ko da rani. A bakinsa akwai ɗan kurmi, kanya da ɓaure da ɗinya sun haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Birai ne a ciki, irin masu baƙar fuska da farin gashi a kumatu. Tsofaffi sun ce da can kurmin ya miƙe har wajen Basawa. A zamaninmu kuwa, kafin tuwo ya huce ka zagaye shi.

Mai wurin shi ne Baba Uba, gado ya yi daga mahaifinsa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, da bayansa ya ƙi sai ya dawo bakin rafi yana tufkar igiya. Masu neman itace sun zo masa, masu son lambun tumatir sun zo, har wani Amaechi mai katako ya taɓa zuwa da zarto. Duk ya sallame su. Ko a shekarar fari sandarsa ce ta tsare itatuwan. Ni maƙwabcinsa ne, da yamma nakan zauna wurinsa, shi da magana ni da saurare.

Abin alfaharinsa biyu ne. Ɗaya jikarsa Barakatu, wadda ba ta rabuwa da gefen tabarmarsa. Ɗaya kuma babban biran, mai yagaggen kunne, wanda ya raɗa wa suna Kofur. In Baba ya yi wani ɗan fito, Kofur yakan sauko reshen ƙasa ya zauna yana kallonsa. Ba ya yi wa kowa haka.

A shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta aka turo wani malami Samaru, Malam Bernard, mutumin Kagoro. Ya ce a garinsu ya ga yadda zarto ya cinye kurmi, birai suka ɓace, shi ya sa yake so yara su ga wannan tun yana nan. Ya nemi izini, Baba ya ba shi da fara'a. Kowace Asabar sai ya zo da ɗalibansa, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ya koya musu su zauna shiru, kada su yi jifa, kada su ba biri abinci.

Tun daga nan fara'ar Baba ta soma raguwa. Barakatu na cikin ajin, kuma ta koma ba ta buɗe baki sai da “Malam ya ce.” Baba ya yi mini ƙorafi cewa ɓauren da ya nuna mata tun tana goye, yanzu wai Malam ne ya gano shi. Wata Asabar kuma, saboda shirun yaran, Kofur ya sauko reshen nan ya zauna kusa da Malam Bernard, ba fito ba komai. Yara suka koma gida da labari. Ran nan Baba bai tufka ko taƙi ɗaya ba.

“Ɗana, ka ga butulci? Ni na hana a sare masa gida, shi kuma ya je yana gaida mai madubi,” ya ce mini.

Sai ya soma kai wa Kofur ɗanyar masara, abin da bai taɓa yi ba. Da farko ɗaya a aljihu, daga baya a kwando. Kofur ya dawo, har yana karɓa daga hannunsa, sauran biran suka biyo baya. Baba yakan jira sai yaran sun hallara sannan ya yi fito, garken ya watsar da su ya nufo shi. Malam Bernard ya roƙe shi ya bari. Baba ya ce hassada ce.

Bakin da ya ɗanɗana masara ba ya komawa ɗinya. Kafin kaka biran sun gane hanyar gonaki, kuma sun daina gudun mutum. Suka yi wa gonakin bakin rafi kaca-kaca. Manoma suka taru ƙofar mai unguwa, aka yanke cewa in ɓarnar ba ta tsaya ba, za a kira maharba, a sare kurmin. A wurin taron Malam Bernard bai ambaci kwandon ba. Ya ce kawai ɗalibansa za su riƙa tsaron gonakin bayan an tashi makaranta, suna kaɗa gwangwani. Wannan rufin asirin ya fi yi wa Baba ciwo.

Gwangwani bai isa ba. Kofur yakan ratsa yaran hankalinsa kwance, garken na biye. Barakatu ce ta zo ta tsaya gaban kakanta, wannan karon ba da “Malam ya ce” ba.

“Baba, ba ya tsoronmu. A wurinsa duk mutum kamar kai yake, kai kuma ba ka taɓa korarsa ba.”

Washegari da hantsi ina tsaye Baba ya yi fitonsa. Kofur ya sauko yana miƙa hannu. Baba ya ɗauki hoge ya maka masa a haƙarƙari, ya bi shi da sanda yana zagi. Haka ya yi ta yi kullum, shi da yaran, har biran suka koma ganin mutum su haye sama. Aka girbe abin da ya rage. Ba a kira maharba ba.

Kurmin na nan. Malam Bernard ya ci gaba da zuwa, sai dai yanzu madubin nasa ya yi amfani, don biran ba sa barin ƙololuwar kanya. Baba bai sake yin fito ba. Duk Asabar in Barakatu ta dawo, yakan bari sai ta gama surutunta, sannan ya tambaya, idonsa a kan igiya:

“Ya sauko wa malamin naku?”

In ta ce a'a, sai ya gyaɗa kai, ya ce ta miƙo masa ruwa.