Jan Baki a Gonar Shinkafa

Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ni damina da rani. A duk tsawon jinyar, hannuna na dama ya fi damuna. Da shi nake ɗaukar hoton tsuntsaye tun ina saurayi, ga shi ko kofin shayi na riƙe sai ya kama rawa.

Da na ɗan samu ƙarfi, na sa mai babur ya kai ni fadamar Bakura, inda ruwan Bakolori ke shayar da shinkafa. Akwai wani dattijo a can da ke tsaron gonarsa daga jan baki, ƙananan tsuntsayen nan masu sauka garke guda su cinye amfanin gona. Ya jera gwangwanaye a igiya, da sun sauka sai ya girgiza ta. Mun yi shekaru muna faɗa da shi, domin kullum shi yake kore mini tsuntsaye ina dab da danna kyamara.

Muka gaisa, ya yi mini ya jiki, ya dubi sandar da nake dogarawa. Can sai ga garken ya sauko. Na jira ƙarar gwangwani, shiru. Na ɗora kyamara a kan sandar. Hannun ya yi rawarsa har ya gaji, ya tsaya. Na danna.

"Ka ƙare, Malam?" in ji dattijon. "Shinkafata ce fa suke ci."

Na ce ya bari in ƙara ɗaya. Ya yi tsaki, amma bai ja igiyar ba.